Dutsen Tunawa da Sojoji a Harabar Cocin Ƙauye a Ingila: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa kusan kowane ƙauye a Ingila yake da irin wannan dutse?

Saboda gawarwakin ba su dawo gida ba. Tun a 1915, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka hana kwaso gawar soja daga fagen daga, kuma hukumar kula da kaburburan yaƙi da aka kafa a 1917 ta tsaya a kan haka har bayan an ajiye makamai: a binne kowa kusa da inda ya faɗi, hafsa da kurtu kabari iri ɗaya. Uwa tana ƙauye, ɗanta yana kwance a Faransa ko Beljiyam, wani ma ba a ga gawarsa ba. Sai mutanen gari suka kafa kwamiti, aka yi karo-karo, aka ɗauki masassaƙin dutse. Yawancin duwatsun an kafa su ne daga 1919 zuwa farkon shekarun 1920, da yawa a harabar coci, inda ake binne 'yan garin tun kaka da kakanni. Bayan 1945 aka ƙara sunayen waɗanda suka mutu a yaƙi na biyu, galibi a ƙasan na farko ko a wani gefen gindin. Ƙauyuka hamsin da 'yan kai ne kawai aka gano a Ingila da Wales da duk mazansu suka dawo da rai daga yaƙin farko, kamar Upper Slaughter a Gloucestershire.

Gicciye ne kawai a kan matakala biyu ko uku. Ina darajar take?

Kaɗan ne fitattun masu zanen gini suka tsara. Wanda ke harabar cocin Busbridge a Surrey, na 1922, aikin Edwin Lutyens ne, wanda ya zana babban dutsen tunawa na Whitehall a Landan. Sauran, maginin yankin ne ya sassaƙa, ko aka zaɓo fasalin daga kundin samfura na wani kamfani. Irin waɗannan darajarsu tana cikin sunayen. Gwamnati ba ta aiko da jeri ba, kwamitin gari ne ya yanke wanda za a sa. Wani gari ya jera su bisa haruffa ba muƙami, wani ya fara da hafsoshi, wani ya bi ranar mutuwa, kuma wannan kaɗai yana nuna yadda garin yake kallon kansa a lokacin. Sunan dangi ɗaya sau uku a jere, to wataƙila gida ɗaya ne ya rasa 'ya'ya uku. Mai bincike yana haɗa jerin da rajistar coci da jaridun lokacin ya fitar da tarihin gidaje. Wurin ma yana cikin lissafi: idan an ɗauke dutsen daga inda iyalan suka zaɓa, an rage masa wani abu ko da bai ƙwarzane ba.

Me ake nufi da cewa an sa shi cikin jerin kayan tarihi?

Hukumar Historic England, mai kula da kayan tarihin Ingila, ce take tantancewa. Mataki uku ne, daga sama zuwa ƙasa I da II* da II, kuma mafi yawan na ƙauye suna mataki na II. Na Busbridge yana II*. A shekarun cika ƙarni da yaƙin, 2014 zuwa 2018, hukumar ta sa wa kanta burin shigar da 2,500. Shiga jerin ba ya kawo kuɗi da kansa. Abin da yake yi shi ne hana a rushe, a matsar ko a sauya fasali ba da izini ba.

Na wa ne, kuma wa zai biya gyara?

Nan ake yawan cijewa, domin kwamitocin da suka gina sun watse ba su bar takardar mallaka ba. Dokar 1923 ta ba ƙananan hukumomi ikon kashe kuɗi a kansu, amma ba ta tilasta musu ba. Idan dutsen yana harabar Cocin Ingila, aikin da zai taɓa shi yana buƙatar izinin dayosis, wato yankin cocin da ke ƙarƙashin bishop, babban aiki kuwa sai alƙalin dayosis ya sa hannu. Gidauniyar War Memorials Trust, wadda aka kafa a 1997, tana ba da shawara da tallafi, sai dai a nemi tallafin tun kafin a fara aiki.

Me ke lalata shi?

Ruwa da masu kyakkyawar niyya. A ganinmu na biyun sun fi ɓarna. Injin feshin ruwa mai ƙarfi yana kankare fatar dutse mai taushi, haruffa su dusashe, dutsen ya riƙa shan ruwa fiye da da. Bilic da sinadarai masu tsami suna cin dutsen farar ƙasa, su bar gishiri a ciki. Buroshin waya yana barin ɓurɓushin ƙarfe da zai yi tsatsa.

Siminti ma haka. Asalin gaɓoɓin da kwaɓin farar ƙasa ake cike su, mai barin laima ta fita. In an cusa siminti, wanda ya fi dutsen tauri, laimar sai ta bi ta jikin dutsen, sanyin hunturu ya daskarar da ita, gefen ya riƙa ɓantarewa. Ɓoyayyen ciwon kuwa shi ne sandar ƙarfen da ke haɗa gicciye da ginshiƙi: in ta yi tsatsa tana kumbura ta tsaga dutsen daga ciki. Jan tabo da ke gangarowa daga gaɓa, ko tsaga a tsaye, alama ce ta a kira gwani ya sauya ta da ƙarfe marar tsatsa. Ko wayar da ake ɗaure furannin tunawa da ita a watan Nuwamba tana barin tabo, gara a yi amfani da igiya.

Yaya ake wanke shi ba tare da ɓarna ba?

A fara da ɗaukar hoton kowane gefe da kwafe rubutun duka. A shafa hannu: in dutsen yana zubar da gari, ko an ƙwanƙwasa an ji kamar kogo, a dakata. In lafiya yake, ruwa mai tsabta da buroshi mai laushi sun isa, a gwada a ɗan wuri ta baya tukuna, kuma ba a lokacin da ake tsoron ƙanƙara ba. Ba sai ya koma fari fat ba, a iya karanta sunaye shi ne ma'auni. Gansakukar da ba ta rufe rubutu ba a ƙyale ta. Gaɓa da ta buɗe, a cike da farar ƙasa kashi ɗaya, yashi kamar kashi uku, kuma ba a aikin in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. Allon tagulla ba a goge shi ya yi ƙyalli. Wankewa ake yi a shafa masa kaki.

In haruffa sun dusashe, ko an gano wanda aka manta?

Sake sassaƙa harafi yana cin dutse, don haka sai ya kusa ɓacewa ake yi, da hannu, bisa asalin fasalinsa. Haruffan dalma da suka faɗo ana mayar da su. Ƙara suna yana buƙatar hujja daga takardun soja da yardar mai kula da wurin. An ƙara wasu bayan 2006, lokacin da aka yi wa sojoji 306 afuwa, waɗanda rundunarsu ta harbe a yaƙin farko bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen daga.

Sojojin Afirka ta Yamma fa?

Sunayensu ba sa kan waɗannan duwatsu, domin na 'yan garin ne. Amma sojojin Najeriya, da Hausawa da yawa a cikinsu, sun yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka, daga baya kuma, a yaƙi na biyu, a ƙasar Bama (Myanmar ta yau) cikin runduna ta 81 da ta 82. A 2021 wani kwamiti da hukumar kaburburan ta kafa ya gano cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a dutsen tunawa ba, kuma adadin yana iya kai wa 350,000.