Mene ne girif tef, kuma wanne ya dace da allon siketbod?

Girif tef shi ne baƙin shafin nan mai kaushi da ake mannawa a saman allon siketbod, wato allon nan mai ƙananan tayoyi huɗu da ake hawa a tsaye, daidai inda ƙafa ke takawa. Katakon allon, wanda galibi falle 7 ne aka haɗe da gam, sumul yake, ga fenti ko banish a kansa. Ba don wannan shafi ba, da zarar an ƙara gudu ko an karya kwana takalmi zai zame, allo ya yi gabas, mai shi ya yi yamma. Tun da wasan ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 masu sha'awarsa ke ƙaruwa. A nan Bauchi sau da yawa allon gwanjo mutum ke samu, wanda kaushinsa ya riga ya cinye, shi ya sa sanin tef ya zama dole tun ranar farko.

Abu uku ne a jikinsa. A sama akwai tsakuwar kaushi, a tsakiya leda mai ƙarfi da ba ta shan ruwa, a ƙasa kuma gam wanda aka rufe da takardar da ake ɓarewa lokacin mannawa. Tef mai kyau da silikon kabaid ake yin tsakuwarsa, domin ya fi kaifi kuma ya fi jimawa bai dakushe ba. Masu araha sukan zo da alminiyom okzaid, wanda ya fi saurin yin sulɓi.

Duk kafinta ya san lissafin samfefa: ƙaramar lamba ita ce mai kaushi sosai, babbar lamba mai laushi. Haka abin yake a nan. Tef ɗin da aka saba sa wa siketbod na tsalle-tsalle yana wajen lamba 80. Na masu sauka gangara da dogon allo, wato lonbod, yakan sauko zuwa 50 ko 36, har da abin da ya fi haka kaushi. A nan ne masu farawa suka fi yin kuskure, don suna ɗauka mafi kaushi shi ne mafi kyau. Ba haka ba ne. Mai koyon oli, tsallen nan da ake buga wutsiyar allo a ƙasa sannan a ja gefen ƙafar gaba zuwa hancin allo, yana bukatar ƙafarsa ta iya gogawa ta wuce. In ya sa lamba 36, ƙafar za ta maƙale, allon ba zai juya yadda ake so ba, kuma gefen kambas ɗinsa zai huje cikin ɗan lokaci. Shi kuwa mai sauka gangara da gudu, wanda ke karkata allo a gicciye don rage gudu, ko kaɗan ba ya son ƙafarsa ta motsa. A wurinsa lamba 80 ta yi laushi, musamman in ƙura ta hau kai. Wanda yawo kawai yake yi a kwalta mai shimfiɗa, daga gida zuwa makaranta ko cikin harabar jami'a a Yelwa, lamba 80 ta ishe shi. Masu taka rawa a kan lonbod ma sukan bar tsakiyar allon ba tef, su sa a hanci da wutsiya kawai.

A cikin sunayen kamfanonin tef da aka sani, Jessup ya fi laushi kuma ya fi tausaya wa takalmi. Mob ya fi riƙo, sannan yana da ƙananan huji da ke fitar da iska lokacin mannawa, abin da ke rage kumburi ƙwarai. Grizzly ma sananne ne, Vicious kuwa na masu gangara ne. Mai launi da mai zane suna da kyau a ido, amma a ƙasarmu ta jan turɓaya fari ko mai garai-garai ba ya daɗewa yake komawa ruwan ƙasa. Mu dai baƙin tef muke ba da shawara.

Sai batun girma. Falle ɗaya na siketbod inci 9 ne a faɗi, 33 a tsawo, kusan santimita 23 da 84, kuma yana rufe allon da faɗinsa bai wuce inci 8 da rabi ba. Lonbod ya fi haka faɗi da tsawo, don haka ana neman mai faɗin inci 10 ko 11, a yanko daga nadi gwargwadon tsawon allon. A auna allo da tef ɗin tela kafin a yi oda, a bar 'yar rara ta kowane gefe. Yawanci daga Legas ko Abuja ake aiko shi, kuma lallai a gaya wa mai turowa ya nannaɗe shi, kada ya ninke. Inda aka ninke, tsakuwar takan karye ta bar farin layi da ba ya gyaruwa.

Tambayar da ake yawan yi ita ce ko samfefar kafinta za ta yi. Ba za ta yi ba. Bayanta takarda ce, tana jiƙewa ta yage, tsakuwarta tana zubewa da wuri, gam ɗin masu takalmi da za a manna ta da shi kuma yana barin tudu da kwari. Abin da ya fi kusa shi ne tef ɗin hana santsi da ake sa wa matakalar bene, wanda akan samu a wasu shagunan kayan gini. Siriri ne, sau da yawa inci 2, sai a jera shi layi-layi. Kafin a biya kuɗi a lanƙwasa kusurwarsa kaɗan, a goga da babban yatsa. In tsakuwa ta zubo, a bar shi.

Wurin mannawa ake gane mai haƙuri. A kwance tayoyi da ƙarfensu, a goge allon tas, ya bushe, ba ƙura ba maiƙo. A lokacin hunturu a yi aikin cikin ɗaki a rufe taga, domin ƙurar da ta sauka kan gam ita ce ke sa baki ya ɗago daga baya. A ɓare takardar, a riƙe tef ɗin ta ƙarshensa biyu, a daidaita shi sama da allo, a sauke tsakiya tukuna, sannan a bi da tafin hannu zuwa hanci da wutsiya a hankali. Allon yana da ɗan kwari a tsakiya, kuma nan iska ke ɓuya. A shimfiɗa takardar da aka ɓare a sama a danna da ƙarfi, don kada kaushi ya ci hannu. Kumburin da ya rage a huda shi da allura a danne.

Daga nan a ɗauki magagari ko jikin sukundireba a goga bakin allon zagaye har farin layi ya fito. Wannan layin ne jagorar yanka, kuma yana rage kaurin wurin. A tsaga rarar a wurare huɗu inda allon ya fara lanƙwasa, sannan a sa sabuwar reza daga ƙasa, a ɗan karkace, a ja ta a dogon zango ba tare da tsayawa-tsayawa ba. Tsohuwar reza tana yage baki. A ɗauki guntun da aka yanke a goge gefen da shi har ya kwanta, don bakin da ba a goge ba shi ne ke fara ɓarewa. Hujin kusoshi 8 kuma a fara huda su daga ƙasa da ƙusa siririya, sannan a tura kusoshin daga sama.

Zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke kaiwa digiri 40, yana sassauta gam. Allon da aka bari a rana ko cikin but ɗin mota tef ɗinsa yakan goce ko ya ɗago a baki. Ƙura kuma tana cike tsakanin tsakuwa har tef mai sauran rai ya zama kamar ya mutu. Akwai roba ta musamman da ake goge shi da ita. In babu, tsohon burushin haƙori mai tauri da ɗigon ruwa kaɗan ya isa, a tsane da tsumma nan take. Kada a tsoma allo cikin ruwa ko a hau shi cikin ruwan damina, domin fallayen katakon suna rabuwa. Kada kuma a sa fetur ko kananzir, suna narkar da gam.

In wurin da ƙafar baya ke zama ya yi ƙyalli, kuma gogewa ba ta dawo da kaushinsa ba, lokacin canji ya yi. A hura masa zafi da na'urar busar da gashi, a sa reza a ɗago gefe ɗaya, a riƙa ja a hankali ana ƙara zafi, a kankare ragowar gam kafin a ɗora sabo. Manna sabo a kan tsoho ba ya kamawa.