Lokacin watsewar jituwar kwantam

Lokacin watsewar jituwar kwantam shi ne tsawon lokacin da ƙaramin abu, kamar atam ko elektaron, yake iya zama cikin halaye biyu a lokaci guda kafin muhallinsa ya ɓata wannan yanayi. Muhallin kuwa iska ce da haske da zafi. Duk ƙwayar iska ko ta haske da ta bugi abin sai ta wuce da labarin inda yake, da zarar labarin ya fita, jituwa ta watse. Bajamushe H. Dieter Zeh ne ya fara jawo hankalin masana kan haka a 1970, Wojciech Zurek ya faɗaɗa shi daga farkon shekarun 1980.

A ƙiyasin Zurek abu uku ne ke gaggauta watsewar: nauyin abin, zafin wurin, da tazarar da ke tsakanin halayen biyu. Tazarar ta fi ɓarna, domin in ta ninka sau biyu, lokacin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Abu mai nauyin giram 1 a zafin ɗaki, da tazarar santimita 1, jituwarsa na watsewa da saurin da ya ninka na hucewar kuzarinsa sau 10⁴⁰.

Erich Joos da Zeh sun yi irin wannan lissafi a 1985 kan ƙwayar ƙura. Ƙwaya mai girman mikiromita 10, irin wadda hazon hunturu ke sauke wa kan gilashin mota a Jos, ba ta riƙe jituwa a cikin iska fiye da kimanin kashi ɗaya cikin 10³¹ na daƙiƙa. Sanyin Jos bai canza komai a nan ba: a ma'aunin kelbin, wanda ke fara ƙirga zafi daga matuƙar sanyi, digiri 10 na asubar Disamba kelbin 283 ne, ɗakin Abuja mai digiri 27 kuma kelbin 300, bambancin bai taka kara ya karya ba. Wannan lissafi ne ya fi kowane bayani nuna dalilin da ba a taɓa ganin dutse a wuri biyu ba.

A ɗakin gwaji ana auna lokuta biyu: T1, na zubewar kuzari, da T2, na watsewar jituwa, wanda ba ya wuce ninki biyu na T1. Felix Bloch ne ya shigo da su a 1946, kuma su ne dai likitoci ke ambata idan suna duba hoton MRI. Serge Haroche da abokan aikinsa sun ga watsewar tana faruwa daki-daki a Faris a 1996. Ya samu kyautar Nobel a 2012.

Masu ƙera kwamfutar kwantam su ne suka fi damuwa da wannan adadi, domin dole a gama lissafi kafin T2 ya ƙare. Shi ya sa da yawansu suke sanyaya na'urorinsu zuwa ƙasa da kelbin 0.02. A 1999 lokacin jituwar kubit, wato ɗan abin da ke riƙe bayani a irin waɗannan na'urori, bai wuce 'yan nanodaƙiƙa (kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa) ba, yanzu yana kai ɗaruruwan mikirodaƙiƙa (kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa).