Haƙƙin riƙe bindiga a Amurka bai zo a fili haka ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa tun kafuwar Amurka tsarin mulkinta ya ba kowa damar riƙe kowace irin bindiga, ba sharaɗi. Ba haka abin yake ba.

Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin, wanda aka tabbatar a 1791, jimla ɗaya ce mai gaɓa biyu. Ta farko ta ce ƙasa mai 'yanci na buƙatar dakarun sa-kai masu tsari, ta biyu ta ce kada a tauye haƙƙin jama'a na mallakar makamai. Nan gizo ke saƙa. A 1939 Kotun Ƙoli ta danganta haƙƙin da aikin dakarun. Sai a 2008, a shari'ar Heller, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka ce mutum na da haƙƙin ajiye bindiga a gidansa don kare kansa.

Abin da ake mantawa shi ne ɓangarorin biyu duk tarihi suka tono. Mai shari'a Scalia, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya bi yadda mutanen wancan zamani suka fahimci kalmomin, mai shari'a Stevens kuwa, na ɓangaren marasa rinjaye, ya bi manufar waɗanda suka rubuta su. Ni dai ina ganin hujjar Stevens ta cancanci a saurare ta fiye da yadda ake yi.

Scalia da kansa ya ce haƙƙin yana da iyaka. A 2024 ma kotun, da rinjayen takwas da ɗaya, ta amince a hana bindiga ga wanda kotu ta umarta ya nisanci iyalinsa saboda barazana.