Littafin Binciken da Ba a Kashe Kowa a Cikinsa Ba: Me Ya Raba Kan Masu Karatun Gaudy Night?

Wane littafi ne wannan, kuma me ya ƙunsa?

Gaudy Night ƙagaggen labarin binciken laifi ne, marubuciyar Ingila Dorothy L. Sayers ce ta fitar da shi a 1935. Jarumar labarin, Harriet Vane, ta koma tsohuwar kwalejinta ta mata da ke Oxford domin taron tsofaffin ɗalibai, daga nan aka shiga jefa wa malamai da ɗalibai wasiƙun cin mutunci marasa sa hannu, ana kuma lalata littattafai cikin dare. Shugabannin kwalejin, saboda gudun abin kunya, sun ƙi kiran 'yan sanda, suka roƙi Harriet ta bincika a asirce. Wasiƙun sun kai wata ɗaliba ga yunƙurin halaka kanta, an kuma kai wa Harriet hari, amma har labarin ya ƙare ba a yi kisa ba.

Me ya sa rashin kisan ya zama abin magana?

Saboda a wancan zamani masu karatu sun saba da tsari guda: a tsinci gawa, a tara waɗanda ake zargi, mai bincike ya tona asiri. A 1928 marubucin Amurka S. S. Van Dine ya wallafa ƙa'idoji 20 na rubuta irin wannan labari, kuma daga ciki akwai cewa lallai a samu gawa, sannan kada a cusa soyayya. Sayers ta taka duka biyun, domin littafin ya ƙare ne da Harriet ta amince ta auri Lord Peter Wimsey, mai binciken nan na littattafan Sayers na baya, wanda ya shafe shekara biyar yana neman aurenta.

Mene ne ƙorafin waɗanda littafin bai gamshe su ba?

Sun ce ya yi tsawo, hirar malamai ta yi yawa, kuma Wimsey, wanda da dama suka sayi littafin dominsa, bai shigo sosai ba sai da labari ya yi nisa. Mai sharhin adabi Q. D. Leavis ta caccake shi a mujallar Scrutiny a 1937, tana ganin an yi wa labarin nishaɗi ado ne da rigar ilimi. Marubuci J. R. R. Tolkien, wanda shi kansa malami ne a Oxford a lokacin, ya shaida wa ɗansa a wata wasiƙa ta 1944 cewa bai iya jure littafin ba.

To, masu ƙaunarsa fa, me suka gani?

Sun ga tambayar da ta fi gano mai laifi nauyi: shin mace mai ilimi za ta iya riƙe aikinta da gaskiyarta, ta kuma yi aure, ba tare da ɗayan ya cinye ɗayan ba? Sayers ta san abin da take faɗa, domin ta kammala karatu a Kwalejin Somerville ta mata da ke Oxford a 1915, amma sai a 1920 ta karɓi digirinta, shekarar da Oxford ta fara bai wa mata digiri. A irin wannan yanayi, abin kunya guda ɗaya ya isa ya ba masu adawa da karatun mata hujja, don haka fargabar malaman ba ta wasa ba ce. A ganina masu wannan ra'ayi sun fi kusa da gaskiya, domin da an sa gawa, dole 'yan sanda su shigo, sirrin da ake karewa ya watse, labarin ya koma wani abu dabam.

Shin akwai sukar da har masoyan suka kasa musantawa?

Akwai, sai dai wanda bai karanta ba ya sani cewa a nan za a tona ƙarshen. Mai laifin ita ce Annie Wilson, ma'aikaciyar hidima a kwalejin, wadda mijinta ya rasa aikinsa na jami'a bayan wata malama, Miss de Vine, ta fallasa cewa ya ɓoye wata hujja a bincikensa, daga baya ya kashe kansa. Wasu masu karatu ba su ji daɗin yadda aka wanke malamai gaba ɗaya, laifi ya faɗa kan mai aikatau ba. Wasu kuwa suna nuni da cewa Sayers ta bar Annie ta faɗi abin da ke ranta a gaban malaman, ta tuhume su da fifita takarda a kan ran mutum da abincin 'ya'yansa.