Me Ake Nufi da Director's Cut a Fina-finan Jarumai?

Wanda ke karɓar fina-finai a waya ko a memori wajen masu turawa a Garwa, Marwa ko Ngaundere yakan tarar da fim ɗaya mai fayil biyu, ɗayan an rubuta masa Director's Cut. Wannan shi ne fim ɗin kamar yadda darakta ya tace shi da kansa, kafin kamfani ya sa hannu ya rage ko ya sauya don kai shi sinima.

A Amurka, kamfanin da ya zuba kuɗi shi ke da magana ta ƙarshe a yawancin manyan fina-finai. Darakta yakan samu mako 10 ya haɗa nasa, daga nan kamfani ya duba ya datse. Babban dalili lissafi ne: fim mai awa biyu ana iya haska shi sau da yawa a yini a ɗaki guda, mai awa huɗu kuwa kusan rabin haka kawai zai samu. Sai batun shekaru. Idan jini ko zagi ya yi yawa, fim ya tashi daga matakin shekarun masu kallo na PG-13 zuwa na R mai tsauri, matasa ba za su shiga su kaɗai ba, alhali su ne kasuwar waɗannan fina-finai.

Fim ɗin Justice League ya fi kowanne bayyana bambancin. Daraktansa Zack Snyder ya bar aikin a 2017 bayan rasuwar 'yarsa, kamfanin Warner Bros. ya ba Joss Whedon ya ƙarasa. Whedon ya sake ɗaukar wurare da dama, ya ƙara barkwanci, fim ya fito a Nuwamban 2017 da kusan minti 120. Na Snyder ya fito ranar 18 ga Maris, 2021 a HBO Max, dandalin kallon fina-finai ta intanet, da minti 242, an raba shi babi shida da rufewa. Labarin Cyborg, ɗaya daga cikin jaruman, da mahaifinsa, wanda aka kusan shafewa a na sinima, ya dawo ya zama ƙashin bayan fim ɗin. Babban mugu Darkseid ya bayyana, an sauya siffar yaronsa Steppenwolf, Superman ya sa baƙaƙen kaya, kiɗan Danny Elfman kuma aka maye gurbinsa da na Tom Holkenborg. Na Snyder ya fi na sinima ma'ana nesa ba kusa ba, domin mai kallo yana gane dalilin da ya sa kowa ke yin abin da yake yi, ko da yake akwai wuraren da yake ja har su gundura.

Kada a haɗa Director's Cut da abin da masu Faransanci ke rubuta wa version longue. Sau da yawa wannan fim ɗin sinima ne aka mayar masa da gutsattsarin da aka cire, kuma ba lallai ne darakta ya zaɓe su ba.

Kafin a tura maka, duba tsawon lokacin da ke jikin fayil, domin suna kaɗai yana ruɗi. Idan ka ga baƙin fili a hagu da dama a na Snyder, fayil bai lalace ba, da gangan aka fitar da hoton a tsarin 4:3, wato irin na tsohon talabijin. Nauyinsa kan ninka na sinima a inganci iri ɗaya, memorin da ke kan tsarin ajiyar fayil na FAT32 kuma ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, sai turawa ta tsaya. A mayar da memorin zuwa tsarin exFAT, amma a kwashe abin da ke ciki tukuna domin komai zai goge. Rubutun fassara na Faransanci da aka yi wa na sinima ba zai hau kan wannan ba, tun daga mintin farko magana da rubutu za su saɓa, dole a nemo wanda aka yi wa mai minti 242.