Don Allah Ku Bar Shi Ya Ɗauki Kofin Da Kansa

Na gaji da ganin abu ɗaya a sashenmu na gashin ƙashi a asibiti, shi ya sa nake rubuta wannan. Za a kawo mutum da shanyewar ɓarin jiki, an yi wata biyar ko shida, ƙafa ta fara dawowa har yana dogara sanda ya je masallacin ƙofar gida, amma hannu yana nan kwance a cinya kamar na aro. In na tambayi masu jinya me yake yi da hannun a gida, sai su amsa mini da alfahari: "Ai likita, ba ma barinsa ya wahala, komai yi masa muke yi." To wannan "komai yi masa muke yi" ɗin shi ne ciwona.

Ran Talata aka kawo wani dattijo, tsohon tela, hannun dama ne ya taɓu. Na ajiye kofin roba a kan tebur na ce, "Baba, miƙo mini." Kafin ya ɗaga kafaɗa, hannun 'yarsa ya riga ya kai. Na ce, "Hajiya, dakata." Ta ce, "Likita, ba zai iya ba fa, kada ya ji kunya." Alhali ina kallon manuniyarsa tana rawa, tana neman hanya. Muka yi shiru. Ya yi gumi, ya ciji leɓe, ya ja hannun a kan tebur kaɗan kaɗan har bayan yatsunsa suka taɓa kofin, kofin ya tuntsure ƙasa. Ita ta fashe da kuka. Ni kuwa farin ciki ya kama ni, domin wata biyar ke nan hannun nan bai taɓa wani abu da niyyar mai shi ba.

Na san ƙauna ce. Wa zai so ya zuba ido mahaifinsa yana fama da cokali, miya tana zuba a gaban riga? Kuma in hannun dama ne, sai a ce ai ba a ci da hagu, bari a ba shi a baki. Allah Ya saka muku da alheri, na san ba barci kuke yi ba. Amma ku ji ni da kyau: hannun da aka hutar, ƙwaƙwalwa mantawa take yi da shi. Tana koyo ne in ta aika saƙo, hannu ya motsa, labari ya dawo mata cewa ga abin da ya faru, ga sanyin kofi, ga nauyinsa, ga shi ya suɓuce. Duk lokacin da kuka riga shi kai hannu, kun katse mata wannan labari.

Ko masu dasa na'ura a cikin kai sun ci karo da wannan. A Jami'ar Pittsburgh ta Amurka akwai wani bawan Allah, Nathan Copeland, wanda haɗarin mota ya karya masa wuya a 2004. Aka dasa masa ƙananan na'urori a ƙwaƙwalwa waɗanda ke karanta niyyarsa su miƙa wa kwamfuta, ita kuma ta motsa hannun ƙarfe. Shi ne wanda ya gaisa da Shugaba Obama da wannan hannu a 2016. Yana iya sarrafa hannun da kallo kawai, amma kama abu yana cin masa lokaci, sai ya yi ta lalube don bai san ko ya riƙe ba. Da aka haɗa yatsun ƙarfen da sashen ƙwaƙwalwa mai jin taɓi, yadda in sun matsa abu zai ji kamar a nasa hannun, lokacin da yake ɗauka ya kama abu ya kai shi inda aka ce ya sauko daga wajen daƙiƙa 21 zuwa wajen daƙiƙa 10. An wallafa sakamakon a 2021. Mutum ɗaya, na'ura ɗaya, abin da ya ƙaru kawai shi ne ji.

Wanda ya fi shafar mu shi ne binciken da aka yi a birnin Tubingen na Jamus, a 2013. Masu shanyewar ɓarin jiki 32 ne, waɗanda suka daɗe da ciwon kuma yatsunsu ba sa buɗewa. Aka sa musu hula mai wayoyi da ke ɗaukar motsin ƙwaƙwalwa, aka ɗaura musu na'ura a hannu. Rabi, na'urar tana motsa hannun ne daidai lokacin da mutum ya yi yunƙurin motsa shi. Sauran rabin, tana motsa shi ne yadda ta ga dama, ba ruwanta da niyyarsa. Dukkansu an yi musu gashi iri ɗaya bayan haka. Na farkon ne suka fi samun ci gaba. Ba warkewa suka yi sarai ba, kada wani ya ce na faɗa, amma bambancin ya fito.

Kun ga inda na dosa? Wannan tausar da kuke yi wa Baba da man zafi yana kallon talabijin, kuna lanƙwasa masa yatsu hankalinsa yana wani wuri, ita ce irin ta rukuni na biyu. Tana da amfaninta, tana hana gaɓoɓi sandarewa, ku ci gaba. Sai dai ba ta koya wa ƙwaƙwalwa abin a zo a gani. Mu ba mu da hular wayoyi a sashenmu, kuma ba na jiran ta. Ku ne na'urar. Ku ce, "Baba, buɗe hannun," ku jira ya yunƙura, yana kallon hannun, sa'annan ku ƙarasa masa abin da ya gagara. Shi zai fara, ku ku biyo baya. Da wannan da fizge kofin daga gabansa, akwai tazara mai yawa.

Kuma lokaci ba ya jira. Watanni uku zuwa shida na farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin gyara kanta, su ne kuma daidai watannin da 'yan dubiya ke cika gida, kowa yana gasar yi wa mara lafiya hidima. Wannan ya ba shi ruwa a baki, wancan ya sa masa hula, wata ta ɓalle masa maɓalli. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana zura zare a allura an mai da shi jariri! Haba jama'a. Bayan wata shida ma ana samun ci gaba, na gani da idona, amma aikin ya fi nauyi, kuma sau da yawa kafin nan shi kansa ya saba, ya daina gwadawa. In ya ce muku "ku bar ni, na gaji," ku bar shi ya huta, anjima ku dawo. Gajiya daban, sallamawa daban.

Ga abin da nake so ku yi, a gurguje:

Ku sa masa carbi a hannun da ya taɓu, ya ja ko da ƙwaya uku ne.
Wurin alwala, hannun ya taɓa ruwa, ya shafi buta.
Wurin cin abinci, cokali a hannunsa, naku a kan nasa. A shimfiɗa tawul, in ta zuba ta zuba.
Ku zuba wake ko shinkafa a kwano ya riƙa cusa yatsu. Ya taɓa tawul, soso, tabarma, ya faɗi abin da ya ji, wani lokaci ido a rufe.
Kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini, ya fi dogon zama guda.
Ban da ruwan zafi da gashin dutse: hannun da ba ya ji ƙonewa yake yi mai shi bai sani ba. Ku gwada ruwan da naku hannun tukuna.
Kada a ɗaga shi ta hanyar jan hannun, kafaɗa tana gocewa.
Maganin hawan jini kada a tsallake ko rana ɗaya.

In za ku dawo ranar da aka ba ku, ku zo da wanda yake wuni da shi a gida, ba ɗan da ya ɗauko ku a mota ba. Shi nake so in nuna wa yadda ake riƙe gwiwar hannun. Ku zo da cokalinsa da kofinsa ma.