Jin bugun zuciya a kunne ba lallai hawan jini ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa duk wanda ya fara jin bugun zuciyarsa a cikin kunne, musamman da daddare idan ya kwanta, hawan jini ne ya kama shi, har wasu kan sayi maganinsa a kemis ba tare da an auna su ba. Hawan jini yana iya jawo hakan, amma galibi yakan daɗe a jiki babu wata alama, kuma awo ne kaɗai ke tabbatar da shi.

Abin da mutum ke ji shi ne gudun jini a manyan jijiyoyin wuya da ke wucewa dab da kunne. Ƙarancin jini yana cikin sanannun dalilai, domin idan jini ya tsinke zuciya takan ƙara gudu da ƙarfi, shi ya sa masu juna biyu da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar suke iya fuskantarsa. Haka kuma dattin kunne, ko ruwan da ya taru a bayan dodon kunne bayan mura, yana toshe sautin waje har na cikin jiki ya fito fili.

Inda ake buƙatar likita da gaggawa shi ne idan bugun ya tsaya a kunne ɗaya ya ƙi wucewa, ko ya zo da ciwon kai da dishin gani, domin hakan na iya nuna tsukewar jijiya ko hauhawar matsin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, wanda aka fi gani ga mata matasa masu ƙiba.